Babban kan murhuna yana ƙyas-ƙyas amma ya ƙi kamawa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema kafin in kira mai gyara. Murhun gas ɗina mai kai huɗu ne da oban a ƙasa. Babban kan, wanda nake ɗora tukunyar tuwo, shi ne ya ƙi kamawa. In na danna makunni ina jin ƙyas-ƙyas ɗin, ina kuma jin warin gas kaɗan, amma wuta shiru. Sauran ukun lafiya lau. Shi kuma oban nasa salon daban: yana kamawa, ina sakin makunnin sai ya mutu. Ga shi na karɓi aikin kek na suna ranar Asabar. Ina Unguwar Dosa a nan Kaduna, ko akwai wanda ya san mai gyara na kirki a kusa.

Ummu Haidar: Wa alaikumus salam. Ki duba ko gas ɗin ne ya ƙare. Ɗaga silindar ki ji nauyinta.

Anti Bilki: Ummu Haidar, ta ce fa uku suna kamawa. Silinda ɗaya ce ke ba su duka, ai ba za ta ware kai ɗaya ta hana shi ba.

Baban Sadik: Ni dai na san halin masu gas ɗin garin nan. Iska suke ɗura wa mutane. Ka biya kuɗin kilo 12.5, rabi gas rabi iska, shi ya sa sai ka yi ta ƙyastawa ya ƙi kamawa. Ki canza wurin saye kawai.

Mai Gas na Kawo: Haba Baban Sadik, a riƙa yi mana adalci. Gas ruwa ne a cikin silinda, kuma a kan sikeli ake sayar da shi. Ko da mutum ya so ɗura iska, nawa za ta yi nauyi har ta cike masa kilo? Mai son cuta a sana'armu sikeli yake taɓawa, wannan kam akwai su, ban musa ba. Maganinsa kuma mai sauƙi ne: a jikin mariƙin silindarka an buga nauyinta in babu komai ciki, za ka ga TW da lamba a gabansa. A auna a gabanka, ka cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. Iskar da kake ji idan an kawo sabon cika, ta cikin tiyo ce, ta shiga lokacin da aka cire regileta, abin da ake ɗaurawa a kan silinda don daidaita ƙarfin gas. Daƙiƙa kaɗan take fita.

Baban Sadik: To, mai kaya ya yi magana.

Injiniya Panteka: Salamu alaikum. Maman Ilham, kafin komai ki daina danna makunnin nan kina jira. Duk lokacin da kike riƙe da shi gas na fita ko da wuta ba ta kama ba, kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi sama ya fice ta taga da kansa. Ki kashe, ki buɗe ƙofa da taga, warin ya tafi tukuna.

In ya tafi, ki yi mini gwaji ɗaya. Ki ƙyasta ashana, ki kai ta bakin kan, sannan ki buɗe makunnin. Ashana ta farko, gas na biyu, kar ki juya. In ya kama tas, zagaye duka, shuɗiyar wuta, to gas yana zuwa daidai, laifin na tartsatsi ne. In bai kama ba ko ya kama da ƙyar, to hanyar gas ce ta toshe. Wannan ashanar ita ce ke raba gardama, ni ma in na zo gidanki da ita zan fara kafin in buɗe jakar kayan aiki. Zancen oban ki ajiye shi, za mu dawo kansa, ba ciwo ɗaya ba ne.

Maman Ilham: Na gwada Injiniya. Ya kama amma gefe ɗaya kawai, wutar ƙarama kuma ja-ja. Gefen da ɗan farin tsinken nan yake babu wuta ko kaɗan.

Injiniya Panteka: Madalla, mun gano bakin zaren. Me ya zube a kan nan kwanan nan?

Maman Ilham: Talge ne ya tafaso ya zuba. Yarinyata ta cire kan ta wanke, ta goge wurin.

Hajiya Babba: Talge kam! In ya bushe ai sai an sa ƙarfi. Ni miyar kuɓewa ce ta taɓa yi mini haka.

Injiniya Panteka: To ga abin da ya faru, in Allah ya yarda ban yi kuskure ba. Kan murhu irin naki kashi uku ne. Akwai baƙin murfi na sama. Akwai zoben alminiyam mai tsage-tsage a gefe, ta nan wuta ke fita. Sai kuma can ƙasa a tsakiyar ramin, za ki ga ɗan ƙaramin noti mai ruwan zinare da huji a tsakiyarsa, shi ne nozil. Hujin nan a murhun da ke aiki da silinda bai kai milimita ɗaya ba ko a babban kai. Ɗigon talge ɗaya ya ishe shi. Yarinya ta wanke abin da ido ke gani, amma nozil yana ƙasa, wataƙila ma da tsumman gogewar ta ƙara tura masa tuwon ciki.

Shi kuwa farin tsinken da kika ambata, tangaran ne da ƙarfe a kansa, daga nan tartsatsi ke tsallakawa zuwa zoben. Tartsatsin na iya fita lafiya, amma in tsagar da ke gabansa ta toshe, babu gas a wurin da zai kama. Shi ya sa kike jin ƙyas-ƙyas a banza.

Ki rufe gas daga silinda, ki zare filogin murhun daga bango. Ki jiƙa zoben da murfin a ruwan ɗumi da omo, ki bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ki duba da kyau, kusa da inda tsinken ke tsayawa akwai ɗan ƙaramin rami ko tsaga ta daban, ita ce ta fi muhimmanci. Ki shanya a rana su bushe ƙarau, don danshi ma kansa yana shanye tartsatsi. Tsinken ki goge shi da busasshen buroshi a hankali, kar ki lanƙwasa, in tangaran ɗin ya tsage sai an sake sabo. Wajen mayarwa ki tabbatar zoben ya zauna a gurbinsa, yana da ɗan haƙori da ke shiga wani rami. In ya karkace ko kaɗan ba zai kama ba. Da yawan gidajen da ake kirana, wallahi murfin kawai nake gyara wa zama in karɓi kuɗin mota.

Anti Bilki: Nozil ɗin kuma allura za ki sa ki zokale shi. Haka nake yi kullum.

Injiniya Panteka: Anti, ranki ya daɗe, a nan ne zan saɓa miki. Allura ƙarfe ce mai tauri, nozil kuwa tagulla ce mai laushi. Kowace zokala tana ƙara wa hujin faɗi kaɗan, kuma ba ya komawa. In ya yi faɗi gas zai fi iskar da ke gauraya da shi yawa, wuta ta koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi, silinda ta riƙa saurin ƙarewa.

Anti Bilki: Ni dai shekara da shekaru ina yi ban ga komai ba.

Ummu Haidar: Anti, ba ke ce kwanaki kika tambaya a nan me ke cire baƙin tukunya ba?

Anti Bilki: Ke Ummu Haidar ki kiyaye ni! Wancan gawayi ne.

Baban Sadik: Tsinken sakace fa? Shi ai ba ƙarfe ba ne.

Injiniya Panteka: Shi kuma karyewa yake a ciki, a koma neman yadda za a fitar da shi. Abin da ya fi, a samu tsohuwar wayar lantarki mai sili-sili, a zare sili ɗaya siriri na jan ƙarfe, a sa shi a hankali sau biyu ko uku ba tare da an yi ta juyawa ba. Wanda ke da sifana mai lamba 7 irin ta soket zai iya kwance nozil ɗin gaba ɗaya, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya hura, ya ɗaga shi a haske ya ga hujin ya fito zagaye. In za a mayar kar a ɗaure da ƙarfin tsiya. Kuma in mutum ya kwance fiye da ɗaya kar ya cakuɗa su, kowane kai da lambar nozil ɗinsa a rubuce a jiki.

Amaryar Malali: Don Allah ku bar ni in raɓa a nan, tunda Injiniya yana kusa. Nawa na kan tebur ne mai kai biyu, cikin kayan ɗakina ya zo. Ɗaya muke amfani da shi, ɗayan ban taɓa kunnawa ba sai da baƙi suka zo. Ko da ashana ya ƙi, sai dai wata 'yar wuta da ke fitowa ta ƙasa wajen makunni. Na tsorata na kashe.

Injiniya Panteka: Kin kyauta da kika kashe, amarya. Irin naki nozil ɗinsa yana bayan makunni, gas yana bi ta wani bututu kafin ya kai kan. In kin kifa murhun za ki ga bututun da ɗan buɗaɗɗen baki inda yake jan iska. Kan da aka daɗe ba a kunna ba, zanzaro na son yin ɗakinsa na laka a ciki, ko gizo-gizo ya yi saƙa, ko kyankyasai su tare. Ga ƙurar hunturu kuma. Gas in ya tarar hanya a rufe sai ya dawo baya ya fito ta bakin iskar, ita ce wutar da kika gani. A cire tiyo, a fitar da murhun tsakar gida, a zare kan, a bi bututun da 'yar waya da tsumma.

Amaryar Malali: Ikon Allah. Maigida ya zaro, laka ce cike har da matattun tsutsotsi.

Hajiya Babba: Allah ya tsare gaba. Ni abin da ke ba ni tsoro da yaran yanzu, gas ya zama musu kamar risho. Ku tuna Sabon Tasha, ranar 4 ga Janairun 2020, shagon sayar da gas ya tashi, mutane suka mutu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Bayan nan ne gwamnatin jiha ta ce a rufe shagunan gas da ke cikin unguwanni. Wancan shago ne, na sani, amma abin da ke cikin silindarsu shi ne a kicin ɗinmu. In kun ji wari mai ƙarfi kar wanda ya taɓa makunnin fitila ko fanka, kar a tada janareto a kusa, a rufe daga silinda, a buɗe ko'ina, a fita.

Malam na Rigasa: Gaskiya ne Hajiya. Kuma a daina neman yoyo da ashana, na ga mai yi da idona. Ruwan omo ake shafawa a bakin regileta da inda tiyo ya haɗu da murhu, in ya yi kumfa yana tashi to nan ne.

Baban Sadik: Ni in nawa ya yi sanyi da asubar hunturu sai in girgiza silindar ko in kwantar da ita, nan take wuta ta ƙaru.

Mai Gas na Kawo: Baban Sadik, don girman Allah ka daina kwantar da ita. Mun ce ruwa ne a ciki, tururinsa da ke sama shi ake so ya fita. Da gangan ba a cika silinda fal, ana barin fili a sama saboda ruwan na kumbura in zafi ya yi, balle zafin Maris da Afrilu. In ka kwantar, ruwan ne zai shiga regileta da tiyo, wuta ta yi tsalle yadda ba ka zata ba. Sanyin da kake gani kuwa, gas ɗinmu gaurayen butan da furofan ne, butan kuma ba ya son sanyi, in gari ya yi sanyi kuma silinda ta kusa ƙarewa ƙarfinsa na raguwa. Alama ce ta ka zo ka cika, ba wai ka yi kokawa da ita ba.

Baban Sadik: Ka dai ce in zo in kawo maka kuɗi.

Mai Gas na Kawo: Ko ba wurina ba, ka je inda ka yarda da sikelinsu.

Maman Ilham: Alhamdu lillahi! Na wanke, na shanya, na sa silin waya kamar yadda aka ce, wani ɗan farin abu ya fito. Yanzu dannawa ɗaya yake kamawa, wuta shuɗiya zagaye. Allah ya saka da alheri Injiniya. Saura oban.

Injiniya Panteka: Amin. Oban kuma kin ce yana kamawa, sai kin saki ya mutu. Wannan ba toshewa ba ce. Ki leƙa kusa da inda wutar oban ke fita, akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini kamar bakin biro, mu sensa muke ce masa. Aikinsa tsaro: in wuta ta gasa bakinsa yana samar da 'yar wutar lantarki ƙanƙanuwa, ita ke riƙe bawul, wato ƙofar da gas ke bi, a buɗe. In wuta ta mutu ya huce, sai ya rufe gas da kansa don kar akwatin ya cika. Saboda haka ne ake danne makunni na ɗan lokaci bayan wuta ta kama. Daƙiƙa nawa kike riƙewa?

Maman Ilham: Da dai ina ƙirga biyar ya isa. Yanzu ko na kai ashirin sai ya mutu.

Injiniya Panteka: Goma zuwa sha biyar ya kamata ya wadatar. Tunda ya wuce haka, ɗaya cikin uku ne: ko bakin ya yi datti da maiƙo, ko faranti ya buge shi ya kauce daga harshen wuta, ko ya mutu. Akwai kuma notinsa na bayan makunni da kan saki, amma wannan sai an buɗe gaban murhu. Abin da za ki iya da kanki shi ne ki bari ya huce, ki goge bakin da busasshen soson ƙarfe a hankali, ki kunna ki duba ko wuta na lasarsa. Kuma ki riƙe wannan: oban akwati ne rufaffe. Kullum ƙofa a buɗe ake kunna shi. In bai kama ba cikin daƙiƙa sha biyar, ki kashe, ki bar ƙofar a buɗe aƙalla minti ɗaya kafin ki sake. Masu ƙone gira da gashin goshi duk a nan suke samu.

Ɗan Barnawa: Akwai dabara. Wani mai gyara ya cire mini sensan gaba ɗaya ya haɗa kai tsaye, tun lokacin ban ƙara samun matsala ba. Wata kuma na ga tana tokare makunnin da cokali.

Injiniya Panteka: Ɗan uwa, ba gyara ya yi maka ba, mai gadin ya kora. Ranar da iska ta kashe wutar oban ɗinka kana falo, gas zai ci gaba da zuba a akwatin har wani ya zo ya ƙyasta ashana. Sensa ba wani abu mai tsada ba ne in ka kwatanta da kuɗin murhun. Ka nemo a mayar maka.

Ɗan Barnawa: To ai ya ce irin nawa ba a samu, na gwanjo ne daga Turai.

Injiniya Panteka: Ana samun na gama-gari da ke shiga yawancinsu, sai dai a duba tsawo da irin notin. Tunda ka ce na Turai ne, wutarka wace kala ce?

Ɗan Barnawa: Doguwa ce, ja, tana baƙanta tukunya. Madam kullum ƙorafi.

Injiniya Panteka: Leƙa bayan murhun ka karanta takardar da ke manne. In ka ga G20, an saita shi ne don gas na bututu da suke amfani da shi a can, nozil ɗinsa masu faɗin huji ne. Namu na silinda G30 ko G31 ne, hujinsa ya fi ƙanƙanta. Sai an canza nozil duka har da na oban, a kuma daidaita ƙaramar wuta. Sannan ka duba regileta. Murhun gida ƙaramin ƙarfi yake so, wajen miliba (ma'aunin ƙarfin gas) 28 zuwa 30, an rubuta a jikinta. Irin mai murɗawar nan ta masu tuyar ƙosai da girkin biki ƙarfinta ya yi yawa, tana sa wuta ta riƙa tashi daga kan tana huci, wani lokacin ma ta hure tartsatsin ya ƙi kamawa.

Malam na Rigasa: Ko kuma ya bar shi a haka ya jira bututun gas na AKK, na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ya iso Barnawa.

Ɗan Barnawa: Malam, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020? Madam za ta kai ni ƙara kafin nan.

Ummu Haidar: Tambaya ɗaya Injiniya. Nawa in an ɗauke wuta ko ƙyas ɗin ba ya yi. Lalacewa ce?

Injiniya Panteka: A'a, naki da lantarki yake ƙyastawa, in babu wuta sai ashana ko laita mai dogon baki. Wasu kuma batir ne da su a ƙasa ko a baya, mutane na mantawa da shi har ya zubar da ruwa ya ci wurin. In kin ji ƙyas ɗin ya koma a hankali kamar mai jin barci, batir ne. Na kan tebur masu ƙara ɗaya, ƙwas, in an murɗa, su ba batir ba lantarki, wani ɗan dutse ne ake bugawa a ciki ya ba da tartsatsi. In ya gaji canza shi ake yi.

Maman Ilham: Na goge sensan, wuta na taɓa bakinsa sosai, amma har yanzu ina saki yake mutuwa.

Injiniya Panteka: To ya wuce aikin hannunki. Ko notin baya ne ya saki, ko sensan ya mutu, in an yi rashin sa'a kuma maganaɗisun cikin bawul ne. Kar ki yarda a ce miki sai an sake bawul kafin a gwada ɗaure notin da sa sabon sensa. Ki ɗauki hoton takardar bayan murhun ki turo mini ta akwatin sirri in ga irinsa. Gobe da safe ina da aiki a Badarawa, daga nan zan iya biyowa in maigida yana nan.

Anti Bilki: Ke ma dai Maman Ilham, ba a fafe gora ranar tafiya. In bai gyaru ba kafin Juma'a ki kawo kwaɓinki gidana ki gasa, nawa oban ɗin lafiyarsa ƙalau.

Maman Ilham: Na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Injiniya na turo hoton. Abban Ilham ya ce yana gida har ƙarfe goma sha ɗaya.

Maman Ilham: 'Yan uwa ga bayani. Injiniya ya zo, notin bayan makunnin ne ya saki, ɗaure shi kawai ya yi oban ya tsaya, ba a sayi komai ba. Sai dai ya ce tiyona ya tsattsage ta wajen bangon da rana ke duka, kuma babu kilif a bakinsa. Mun sa an sayo sabo da kilif biyu, ya shafa ruwan omo babu kumfa.

Ɗan Barnawa: Injiniya, na duba, G20 ne a rubuce. Nozil nawa zan nema, kai biyar ne da oban da abin gashi na sama?

Injiniya Panteka: Bakwai ke nan, kowanne da girmansa. Kar ka saya da ka, ka kwance tsofaffin ka sa kowanne a 'yar leda ka rubuta kan da ya fito, ka zo da su kasuwar Panteka tare da hoton takardar. Sensan ma ka auno mini tsawon daga bawul zuwa inda yake zama.